Kim Hak-sun: Matar da ta fasa ƙwai kan fyaɗen sojojin Japan

Kim Hak-sun ita ce mace ta farko a Koriya ta Kudu da ta fito bainar jama'a da sunanta na gaskiya, ta bayyana yadda sojojin Japan suka tsare ta suna yi mata fyaɗe a lokacin yaƙin duniya na biyu.

Dubun dubatar mata ne daga Koriya da Sin da Philippines da Indonesiya aka jefa cikin irin wannan uƙuba, amma kunya da tsoron tsangwama suka rufe bakinsu kusan shekaru 50.

An haifi Kim ne a shekarar 1924 a yankin Jilin na ƙasar Sin, a lokacin da Japan ke yi wa Koriya mulkin mallaka. Mahaifinta ya rasu tana jaririya, mahaifiyarta ta koma da ita Pyongyang, inda daga bisani ta koyi waƙa da rawa.

A shekarar 1941 uban riƙonta ya kai ta birnin Beijing. A can ne sojojin Japan suka kama ta, suka kulle ta a ɗaya daga cikin gidajen da ake tara wa dakarunsu mata.

Bayan kimanin watanni huɗu ta tsere da taimakon wani ɗan Koriya, wanda ya zama mijinta. Mijin da 'ya'yansu biyu duk sun riga ta gidan gaskiya, ta ci gaba da rayuwa cikin talauci a birnin Seoul.

Abin da ya tunzura ta shi ne iƙirarin da wani jami'in gwamnatin Japan ya yi a majalisar dokokin ƙasar a 1990, cewa 'yan kasuwa ne suka riƙa tafiyar da gidajen, ba da hannun hukuma ba.

Ranar 14 ga watan Agustan 1991 ta zauna gaban manema labarai ta fayyace abin da ya same ta. A watan Disamba kuma ita da wasu 'yan Koriya suka shigar da ƙara a wata kotu a Tokyo, suna neman diyya.

Ƙarfin halin nata ya sa wasu matan suka bi sahu, ciki har da Maria Rosa Henson ta Philippines da Jan Ruff-O'Herne 'yar asalin Holland. A Koriya ta Kudu kaɗai, mata 240 gwamnati ta yi wa rajista.

A watan Janairun 1992 aka soma zanga-zangar kowace Laraba a gaban ofishin jakadancin Japan da ke Seoul, wadda aka shafe fiye da shekaru 30 ana yi.

A 1993 kakakin gwamnatin Japan, Yohei Kono, ya amince cewa sojoji na da hannu a lamarin, ya kuma nemi gafara. Sai dai Kim ta ƙi karɓar kuɗin wani asusun tallafi da aka kafa a 1995, saboda daga gudummawar jama'a aka tara su, alhali diyya daga gwamnati take nema.

Ta rasu ranar 16 ga watan Disamban 1997 tana da shekaru 73, ba ta ga ƙarshen shari'ar ba. Kotun ƙolin Japan ta yi watsi da ƙarar a 2004.

Tun daga 2018, Koriya ta Kudu ke gudanar da taron tunawa da waɗannan mata a hukumance a ranar 14 ga watan Agusta, ranar da Kim ta buɗe baki.