Sardauna da Bankin Arewa: Wa Ke Riƙe da Akalar Wa?

An haifi marigayi Sir Ahmadu Bello a Rabah ta ƙasar Sakkwato a 1910, cikin zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya kammala Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, sannan ya zama Hakimin Rabah a 1934. Da ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 bai samu ba, aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau. A can ya fara ɗanɗana yadda zancen kuɗi ke kayar da mutum: a 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi.

Sa'ad da ya zama Firimiyan Arewa a 1954, harkar banki tana hannun Barclays da Bank of British West Africa, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga kamfanonin Turawa. Da wuya ɗan kasuwar Gusau ko Kano ya sami rance mai tsoka. A Kudu, 'yan siyasa sun nemi mafita ta hanyar bankunan da ke jingine da jam'iyyunsu, amma abin ya zo da ƙura. A 1956 kwamitin Foster-Sutton ya binciki yadda aka zuba kuɗin Jihar Gabas cikin African Continental Bank, bankin da Azikiwe ke da hannun jari a ciki. A 1962 kuma kwamitin Coker ya gano yadda kuɗin hukumar sayen amfanin gona ta Yamma suka zurare zuwa jam'iyyar Action Group.

Sardauna ya bi wata hanya dabam. Bankin Arewa, wanda aka kafa a 1959 da haɗin gwiwar bankin Intra na Lebanon, jarin gwamnatin Jiha aka zuba masa, ba na Firimiya ko iyalinsa ba. Manufar a fili take: mulki ya ja akalar kuɗi, kada kuɗi su ja akalar mulki. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa 'yan NEPU sun sha kokawa kan cewa rancen gwamnati da lasisin sayen gyaɗa sun fi sauka a ƙofar magoya bayan NPC. Ashe ko da banki na jama'a ne, in mabuɗinsa na hannun jam'iyya, mai ƙuri'a na iya zama mai cin bashi, kuma wanda ake bi bashi ba ya ɗaga murya.

An kashe Sardauna a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Intra ya durƙushe cikin wannan shekara, Bankin Arewa kuwa ya rayu har 2006, lokacin da ya narke cikin Unity Bank bayan an ɗaga jarin bankuna zuwa Naira biliyan 25.

A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa kan Naira miliyan 100. Duk ɗan takarar da masu kuɗi suka saya wa fom, su zai fara saurare kafin talakawan mazaɓarsa. Masu rataya hoton Gamji a ofisoshinsu su tambayi kansu: wa ke riƙe da akalarsu? Allah ya jiƙan Sardauna.