Ali Mubarak: Ɗan ƙauyen da ya kafa ɗakin karatu na ƙasar Masar, ya buɗe shi ga laccoci

Duk mai binciken da ya je birnin Alƙahira neman tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, da wuya ya dawo gida bai taka Darul Kutub ba, wato ɗakin karatu na ƙasar Masar, wanda aka kafa a shekarar 1870.

A can ake ajiye da manyan kwafe-kwafen Alƙur'ani na zamanin sarakunan Mamluk, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kundinta na muhimman takardun tarihi na duniya a 2013.

Mutumin da ya kafa wannan wuri, Ali Basha Mubarak, ɗan wani limamin ƙauye ne, wanda ya sha gudu daga gida yana yaro, har ya taɓa kwana a kurkuku kafin ya kai shekarun balaga.

Bai tsaya ga tara littattafai kaɗai ba. A gefen ɗakin karatun ya buɗe zauren lacca, inda shehunnan Azhar da masana kimiyya suka riƙa karantar da jama'a a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Yaron da ya ƙi zaman duka

An haifi Ali Mubarak a shekara ta 1239 bayan Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1823 da 1824, a ƙauyen Birinbal da ke lardin Daƙahliyya a arewacin Masar.

Gidansu gidan malamai ne, su ke limanci da ɗaurin aure da raba gardama a ƙauyen. Amma nauyin harajin da gwamnatin Muhammad Ali Basha ta ɗora wa manoma ya sa mahaifinsa ya kwashe iyalinsa suka bar garin.

An kai shi wurin wani malami ya yi karatun Alƙur'ani, sai dai yawan duka ya sa ya ƙi komawa. Daga nan aka haɗa shi da wani magatakarda domin ya koyi aikin rubutu da lissafi, nan ma bai ji da daɗi ba.

A wani wurin da ya yi aiki, maigidansa ya riƙe masa albashin watanni. Da aka aike shi karɓo kuɗi, sai ya cire hakkinsa a ciki ya miƙa sauran. Wannan ne ya jawo aka kulle shi.

Fitowarsa ta zo ne ta hanyar kyawun rubutunsa, domin wani jami'in gwamnati mai kula da noman auduga a yankin Abu Kabir yana neman magatakarda.

Sunan jami'in Anbar Afandi, mutumin Habasha ne da aka kawo Masar a matsayin bawa. Yaron ya ga attajirai da dagatai suna tsaye gabansa cikin ladabi, ya shiga tambayar yadda aka yi haka ta faru.

Amsar da ya samu ita ce makarantar gwamnati ta Ƙasrul Aini da ke Alƙahira. Tun daga ranar ya ƙudura cewa sai ya shige ta, ko da iyayensa ba sa so.

Daga Bulaƙ zuwa Faransa

Ya samu shiga makarantar, amma abin da ya tarar bai yi kama da abin da ya zata ba. Abinci ba kyau, ga horo irin na soja, har ya kwanta rashin lafiya. Mahaifinsa ya biyo shi da niyyar ya fitar da shi a ɓoye, shi kuwa ya ƙi.

Bayan an mayar da ɗaliban Abu Za'abal, sai ya wuce makarantar injiniyoyi ta Bulaƙ a 1839, inda ya yi fice.

A 1844 aka zaɓe shi cikin tawagar ɗaliban da aka tura Faransa tare da 'ya'ya da jikokin Muhammad Ali Basha. Cikinsu akwai wani yarima mai suna Isma'il, wanda daga baya ya mulki Masar.

Ali Mubarak ya isa birnin Paris bai iya Faransanci ba, alhali da shi ake koyarwa. Ya nemi littafin koyon karatu na yara ya duƙufa a kansa dare da rana, cikin 'yan watanni ya kamo abokan karatunsa.

Daga Paris ya wuce makarantar injiniyoyin soja da ke birnin Metz. Bayan Abbas ya hau mulkin Masar aka kira ɗaliban gida.

A tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa, ya ba da labarin daren da ya koma ƙauyensu cikin kakin soja bayan shekara 14 rabonsa da mahaifiyarsa. Sai da ta yi ta tambayarsa ko wane ne kafin ta yarda cewa ɗanta ne.

Hawa da sauka

Rayuwar aikinsa ta kasance yau a sama gobe a ƙasa, gwargwadon wanda ke kan gadon mulki.

A zamanin Abbas ya shugabanci makarantar injiniyoyi. Da Sa'id ya hau a 1854, sai aka cire shi aka tura shi tare da sojojin Masar da suka je taimaka wa Daular Usmaniyya a yaƙin Kirimiya.

Bayan dawowarsa ya yi zaman rashin aiki, ya taɓa kasuwanci, ya kuma karɓi aikin koya wa hafsoshi da ƙananan sojoji karatu da rubutu, aikin da wasu masu muƙami irin nasa za su raina.

Tauraronsa ya haska ne bayan 1863, lokacin da tsohon abokin karatunsa Isma'il ya hau mulki. An ba shi kula da madatsar ruwan Nilu ta Ƙanaɗir, daga baya kuma ya riƙe ma'aikatun ilimi da ayyuka da waƙafi, haɗe da hukumar jiragen ƙasa, kusan a lokaci guda.

Yadda aka kafa Darul Kutub

A wancan lokaci littattafan Masar a warwatse suke cikin masallatai da makarantu da hubbarori. Galibinsu waƙafi ne da sarakuna da malamai suka bari, amma babu cikakken lissafinsu.

Wasu ƙura da danshi sun cinye su, wasu kuma masu tsaron wuraren sun sayar wa baƙi da dillalai, suka ƙare a ɗakunan karatu na Turai.

Ali Mubarak ya ga babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris, don haka ya ba Isma'il shawarar a yi irinsa a Alƙahira. A watan Maris na 1870 aka fitar da umarnin kafa shi, aka buɗe wa masu karatu a watan Satumba na wannan shekara.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne riƙe ma'aikatun waƙafi da ilimi da yake yi a tare. Ɗaya ce ke da iko da littattafan masallatai, ɗayar kuma ke da ma'aikatan da za su tsara su.

An zaɓi fadar Yarima Mustafa Fadil, ɗan'uwan Isma'il, da ke unguwar Darbul Jamamiz. A nan dama Ali Mubarak ya tattaro ofishin ma'aikatar ilimi da wasu manyan makarantun gwamnati, ta yadda ɗalibi zai fito aji ya shiga ɗakin karatu ba tare da ya hau abin hawa ba.

Zauren da ya haɗa shehu da injiniya

A 1871 aka fara gabatar da laccoci a wani zaure mai kujeru hawa-hawa da ke cikin fadar, wanda aka sa wa suna Darul Ulum.

Shehu Husaini al-Marsafi, malamin Azhar wanda makaho ne, shi ke karantar da adabin Larabci. Darussan da ya bayar su ne daga baya aka tattara suka zama littafinsa Al-Wasilatul Adabiyya.

Isma'il al-Falaki yana bayani a kan ilimin taurari, Ahmad Nada a kan tsirrai, yayin da Bajamushe Heinrich Brugsch, masanin tarihin tsohuwar Masar, ke karantar da tarihi. Akwai kuma laccocin tafsiri da hadisi da fiƙihu, da na gine-gine da jiragen ƙasa.

Masu sauraro sun haɗa da manyan ma'aikatan gwamnati, da malaman makarantu, da ɗaliban manyan makarantu, da ɗaliban Azhar. Shi kansa ministan yakan zo ya zauna ya saurara.

Wannan haɗuwa ba ƙaramin abu ba ce a Masar ta wancan zamani. Ilimi ya rabu gida biyu: masu rawani a Azhar, masu jar dara a makarantun gwamnati, kowane ɓangare yana kallon ɗayan a kaikaice. Shi kuwa ya fito daga gidan farko, ya yi karatu a na biyu.

Domin abin da ake faɗa a zauren ya kai ga waɗanda ba su halarta ba, an riƙa buga wasu daga cikin darussan a mujallar Raudatul Madaris, wadda ya kafa a 1870 ya damƙa wa Rifa'a al-Ɗahɗawi jagorancinta.

Daga waɗannan laccoci ne aka samu makarantar horar da malamai ta Darul Ulum a 1872, wadda ke ɗaukar ɗaliban Azhar ta ƙara musu lissafi da tarihi da labarin ƙasa da kimiyya. A 1946 ta zama tsangaya a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Alƙahira, kuma har yau masu nazarin Larabci daga ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya, suna zuwa can karatu.

Inda ake sukarsa

Ba kowa ne ke yaba masa a komai ba. A matsayinsa na ministan ayyuka, shi ya jagoranci sabunta fasalin Alƙahira bisa salon Paris. Titin Muhammad Ali da aka fasa ta tsakiyar tsohon gari ya ci ɗaruruwan gidaje, ya kuma taɓa tsofaffin masallatai.

Mutumin da ya ceci littattafan magabata, shi ne kuma aka rushe wasu gine-ginensu a ƙarƙashinsa.

Haka nan lokacin boren Ahmad Urabi na 1881 zuwa 1882, ya yi ƙoƙarin sasanta ɓangarorin, amma daga ƙarshe ya tsaya tare da sarki Taufiƙ, ya kuma karɓi muƙamin minista bayan sojojin Ingila sun mamaye ƙasar. Masu kishin ƙasa da dama ba su manta masa da wannan ba.

Wani abin lura kuma shi ne, ɗakin karatun da ya kafa ya daɗe a hannun daraktoci Jamusawa, irin su Ludwig Stern da Wilhelm Spitta. Sai a 1915 ɗan ƙasa, Ahmad Luɗfi al-Sayyid, ya karɓi shugabancinsa.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya bari

Ya rubuta littattafai da dama. Mafi shahara shi ne Al-Khiɗaɗut Taufiƙiyya mai juzu'i 20, wanda ya bi titunan Alƙahira da masallatanta da garuruwan Masar ɗaya bayan ɗaya yana ba da tarihinsu. Masu bincike na dogaro da shi har gobe, musamman kan gine-ginen da yanzu babu su.

Akwai kuma Alamuddin, wanda aka buga a 1882, labarin wani shehin Azhar da ya yi tafiya zuwa Faransa tare da wani Bature ɗan Ingila, suna tafe suna muhawara kan ilimi da al'adu.

Ya riƙe ma'aikatar ilimi karo na ƙarshe daga 1888 zuwa 1891. Ya rasu a Alƙahira ranar 14 ga Nuwamban 1893, yana da kimanin shekara 70. Misirawa na yi masa laƙabi da uban ilimin zamani a ƙasarsu.

A 1904 aka mayar da ɗakin karatun wani sabon gini a Babul Khalƙ, daga baya kuma aka gina masa babban mazauni a bakin kogin Nilu.

A watan Janairun 2014 wani bam da aka tayar a hedikwatar 'yan sandan Alƙahira, wadda ke fuskantar ginin Babul Khalƙ, ya yi masa mummunar ɓarna. An gyara shi, aka sake buɗe shi a 2019, kuma a yau ana baje kolin tsofaffin Alƙur'anai da sauran rubuce-rubucen hannu a cikinsa domin duk mai son gani.