Sharl da Fuko: shekara 11 a Tamanrasat, bai samu mabiyi ko ɗaya ba

Duk wanda yake harka da hanyar Agadas, Arlit da Asamaka ya san Tamanrasat, ko da ta bakin direbobin da ke kawo mana dabino da taliya ne. Sai dai kaɗan daga cikinmu suka san cewa a garin akwai wani tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda a ƙofarsa aka kashe wani fadan Katolika Bafaranshe ran 1 ga Disamba 1916. Sunansa Charles de Foucauld, ana faɗinsa Sharl da Fuko.

An haife shi a Strasbourg a 1858, gidan masu sarauta da dukiya. Bai cika shekara 6 ba uwa da uba suka rasu, kakansa ya riƙe shi. Ya shiga makarantar hafsoshi, ya ci gado mai yawa, ya ɓatar da shi wajen ciye-ciye da sharholiya. A makarantar sojan doki shi ne ya zo na ƙarshe a ajinsu. Addini kuwa ya daɗe da yin watsi da shi.

A 1883 da 1884 ya zagaya Maroko cikin shigar malamin Yahudawa, yana zana taswira a ɓoye. A can ya ga Musulmi suna barin duk abin da suke yi idan lokacin salla ya yi, abin ya tsaya masa a rai. Bai musulunta ba, amma ganin nan na cikin abin da ya mai da shi ga addinin iyayensa a 1886. Ya shiga ƙungiyar masu gudun duniya a 1890, ya zauna a Siriya, ya yi aikin bara a gidan sistoci a Nazarat, aka naɗa shi fada a 1901. A shekarar ya tafi Beni Abbas a hamadar Aljeriya, inda ya fanshi wasu bayi da kuɗi. A 1905 ya sauka Tamanrasat, lokacin tana ƙauye mai gida kamar 20.

Mu 'yan kasuwa mun saba, idan magariba ta yi a ƙirga ciniki. Da wannan ma'auni, Fuko ya karye. Shekara 11 yana cikin Abzinawan Ahaggar, ba ko ɗaya da ya koma Kirista a hannunsa. Ya rubuta ƙa'idojin ƙungiyar da yake fatan kafawa, ya yi ta jiran abokin zama, wanda ya taso su tafi tare ma ciwo ya mai da shi tun a hanya. Akwai lokacin da ya yi watanni bai iya yin babbar sujadar Katolika ba, don dokar cocin ta wancan zamani tana bukatar mai taya fada, shi kuwa ba shi da kowa.

To, me ya zaunar da shi? Shi a ganinsa ba a aiko shi ƙirga kawuna ba, an aiko shi ya zauna da mutane da amana, sakamako kuma na Allah ne ko da bayan ƙarnuka. Bai yi wa'azi a dandali ba. Yana ba da magani, yana raba allura da hatsi, yana karɓar baƙo ko wane lokaci, har mutane suna kiransa malami. Ya yi abota da Musa ag Amastan, sarkin Abzinawan yankin, wanda ya rayu Musulmi ya mutu Musulmi. Sauran lokacinsa ya ƙare a kan harshensu: ya tattara baitocin waƙoƙinsu kusan 6,000, ya rubuta ƙamus da hannunsa mai shafi sama da 2,000.

A farin 1907 ya rabar da abincinsa, farkon 1908 ciwo ya kayar da shi har ya fid da rai. Abzinawan nan da yunwa ta gallaba suka bi ƙauyuka suna neman awakin da ke da sauran nono, suka shayar da shi har ya tashi. Wanda ya zo bayarwa ya koma mai karɓa, kuma a hannun mutanen da ba su bi addininsa ba. A wurinmu wannan ne wuri mafi nauyi a tarihinsa.

Amma ba za mu wanke shi tas ba. Tsohon soja ne, ya yarda da mulkin mallakar Faransa, yana kuma aika wa abokinsa Janar Laperrine wasiƙu masu ɗauke da labarin motsin ƙabilu. Shi ya sa har yau akwai masu ganinsa idon Nasara ne a hamada, kuma ba su rasa hujja ba. Ginin da ya yi a 1916 don mutanen ƙauye su fake, an ajiye bindigogi a ciki. Mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka yaudare shi ya buɗe ƙofa, suka ɗaure shi, suka bar yaro ɗan shekara 15 yana tsaronsa. Da wasu sojan raƙuma biyu suka ɓullo, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. A cikin watan ne Kawsan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas.

Ya mutu ƙungiyar addu'ar da ya kafa tana da mutum 49, har da shi kansa. Sai a 1921 aka buga tarihinsa a Faransa, mutane suka karanta. A 1933 aka kafa ƙungiyar maza mai bin tafarkinsa, a 1939 ta mata, 'ya'yansu suna zama cikin talakawa suna aikin hannu. Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyan Katolika ran 15 ga Mayu 2022. Ƙamus ɗin kuwa sai a 1951 da 1952 aka buga shi cikakke, juzu'i 4, kuma masu nazarin harshen Abzinawa har yanzu suna komawa gare shi.