Edga Alan Po, Marubucin Da Alƙalaminsa Bai Ciyad Da Shi Ba

Da yawa daga cikinmu mu kan yi 'yan rubuce-rubucen labaru a bayan littafin aiki, muna sa ran wata rana a buga. Don haka na ga ya kyautu in ba 'yan'uwa labarin wani mutumin Amurka, Edga Alan Po, wanda ya yi niyyar ya ci abinci da gajerun labaru kaɗai, a zamanin da masu ɗab'i ba su ɗauke su bakin kome ba.

An haife shi a birnin Bostan cikin shekara ta 1809. Iyayensa 'yan wasan kwaikwayo ne. Uban ya gudu ya bar su, uwar kuma ta mutu cikin 1811, sai wani attajirin taba na Ricimon, wai shi Jon Alan, ya ɗauke shi riƙo. Ya sa shi makaranta har ya kai jami'a cikin 1826, amma bai cika shekara ba ya fito, don bashin caca ya yi masa katutu, mai riƙon kuwa ya ƙi biya. Ya shiga soja, daga nan ya wuce makarantar hafsoshi, ya riƙa ƙin bin umarni da gangan har aka kore shi cikin 1831. Ya koma Baltimo ya zauna gidan gwaggonsa, ba shi da ko anini.

Tun cikin 1827 ya riga ya buga wani ɗan littafin waƙoƙi, kamar guda 50, ba wanda ya kula. Da ya ga waƙa ba ta kawo tuwo, sai ya juya ga labaru. Wata jarida ta Filadelfiya ta sa gasa, ya aika da nasa, bai ci ba. Amma abin mamaki, cikin 1832 jaridar nan ta bi labarun ta buga guda biyar, ba ta ko sa sunansa ba.

Cikin 1833 aka sake wata gasa a Baltimo. Wannan karo ya ci dala 50 da labarin wata takarda da aka tsinta cikin kwalba a teku. Ɗaya daga cikin alƙalan gasar, wani lauya mai suna Kenedi, ya ga yaron yana da basira, daga baya har ya gayyace shi cin abinci. Po ya aika da uzuri, don tufafinsa sun yi lalacewar da ba ya iya shiga mutane da su. Kenedi ya ba shi tufafi, ya kuma sama masa aiki a wata mujalla ta Ricimon cikin 1835. Shi kuwa Jon Alan ya mutu shekara guda kafin wannan, da dukiyarsa mai yawa, bai bar masa kome ba.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu duba abin da ya sa masu ɗab'i su ke gudun mutum irin wannan. A zamanin nan ba wata doka a Amurka da ta hana a ɗauki littafin marubucin Ingila a buga ba da izninsa ba, ba a kuma yi dokar ba sai cikin 1891. Saboda haka mai maɗaba'a ya kan sami labarun mashahuran Ingila kyauta, waɗanda ya tabbata za a saya. Ina dalilin da zai sa ya biya wani matalauci na garinsu? Cikin 1836 kamfanin Harper ya mayar wa Po da tarin labarunsa, wai an riga an ga yawancinsu cikin mujallu, wai sun yi wa jama'a zurfi, kuma mutane sun fi son dogon labari guda mai cika littafi. Da wani kamfani na Filadelfiya ya yarda ya buga su a ƙarshen 1839, ladan da aka ba shi littattafai ne guda 20 daga cikin nasa. Cikin 1841 ya koma ya roƙe su su buga masa wani a kan wannan sharaɗi, suka ƙi, don na fari bai mayar musu da kuɗinsu ba.

Duk da haka a shekarun nan ne ya yi aikinsa mafi kyau. Yana aiki a mujallar Graham, albashinsa dala 800 a shekara, ya rubuta labarin wani kisan kai da aka yi a Faris, inda wani mai kaifin hankali ya gano mai laifin ta bin ƙananan alamu. Daga nan aka sami tushen labarun masu binciken laifi, har mai labarun Shalok Homs ya yarda ya ƙaru da shi. Wani labarin kuma, na mutumin da ya kashe tsoho ya riƙa jin bugun zuciyarsa daga ƙarƙashin daɓe, edita na fari ya ƙi shi, wai yana son abin da ya fi wannan natsuwa. Wata sabuwar mujalla ta karɓa cikin 1843, ita kuwa fitowa uku ta yi ta mutu. Cikin shekaran nan dai ya sayar da labarin wani ƙwaro na zinariya dala 52, sa'an nan ya ji an sa gasa, ya karɓo abinsa ya shigar, ya ci dala 100. Ba wani labari nasa da ya kawo masa kamar haka.

Amma kada mu ɗora wa masu ɗab'i laifi duka. Po yana shan giya, kaɗan kuwa ta kan juya masa kai, har an taɓa sallamarsa daga aiki saboda ita. Ga shi da kaifin alƙalami. In an ba shi littafin wani ya duba, sai ya yi masa kaca-kaca, ko da mai littafin babba ne wanda zai iya taimakonsa gobe. A ganina rabin ƙofofin da aka rufe masa shi ya turo su da hannunsa.

Cikin 1845 waƙarsa ta hankaka ta sa sunansa ya cika ƙasa, amma aljihu yana nan yadda ya ke. Ya ci bashi ya mallaki wata jarida a Niyu Yok, ta durƙushe a farkon 1846. Matarsa, 'yar gwaggon nan tasa, wadda ta yi shekara biyar tana fama da tarin fuka, ta mutu cikin 1847. Ran 3 ga Oktoba 1849 aka tsince shi a Baltimo ba ya cikin hankalinsa, sanye da tufafin da ba nasa ba. Bayan kwana huɗu ya mutu a asibiti, yana da shekara 40.

Ɗan littafin nan nasa na fari da aka raina, cikin 2009 an sayar da guda ɗaya dala 662,500. Kabarinsa kuwa ya daɗe ba wata alamar kirki, sai da malaman makarantun Baltimo da almajiransu suka yi ta tara kuɗi kaɗan-kaɗan, da taimakon waɗansu masu hali, aka kafa masa dutse cikin 1875.