Ignacio Anaya: mai tarbar baƙin da sunansa ya zama abinci

Duk wanda ya bi ta unguwar Briqueterie a Yaoundé bayan magariba ya san hayaƙin masu tsire, wanda mutanen gari ke kira soya. Kalmar daga suya ta fito, amma ba wanda ke kiran naman da sunan mahaucin da ya soma gasa shi a unguwar. A arewacin Meksiko kuwa an yi wani ma'aikacin gidan abinci da sunansa ya manne wa abin da ya haɗa, har yau ana ci ana ambatonsa ba tare da an sani ba.

An haifi Ignacio Anaya García ranar 15 ga Agusta 1895. A ƙasarsu duk mai suna Ignacio ana yi masa laƙabi da Nacho, kamar yadda Abubakar ke komawa Habu ko Garba. Ya yi rayuwarsa a Piedras Negras, garin kan iyaka a jihar Coahuila. Kogin Rio Grande ne kawai ya raba shi da Eagle Pass na jihar Texas a Amurka, kuma mutanen can kan tsallako sayayya da cin abinci su koma.

Ba shi ne mai girki ba. A gidan abinci na Victory Club aikinsa shi ne tarbar baƙi, zaunar da su, da lura da masu kai faranti, wato abin da Faransawa ke kira maître d'hôtel. Wata rana a farkon shekarun 1940 wasu matan sojojin Amurka daga Eagle Pass suka shigo, aka nemi kuku ba ya nan. Mai tarbar baƙi kuwa ba ya sallamar baƙo da yunwa. Sai ya shiga madafa da kansa, ya ɗauki tortilla, siririyar wainar masara da ba ta yankewa a gidajen Meksiko, ya yanka ta kusurwa uku-uku, ya soya, ya barbaɗa cuku, ya sa a wuta har ya narke, sannan ya ɗora yankakken barkonon jalapeño. Abu uku ke nan, ba ƙari. Aka sa wa abincin suna Nachos especiales, daga baya aka gutsure ya zama nachos.

Bayan Victory Club ya yi aiki a gidan abinci na Moderno, kafin ya buɗe nasa a garin. Da wannan sana'a ya riƙe gida mai 'ya'ya tara.

Bai taɓa yi wa abincin rajista ba. A 1960 ɗansa, wanda shi ma sunansa Ignacio, ya je wurin lauya a San Antonio don a kare haƙƙin mahaifinsa, aka nuna masa lokaci ya wuce, abin ya riga ya zama na kowa. Anaya ya rasu ranar 9 ga Nuwamba 1975. Shekara guda bayan haka wani ɗan kasuwa, Frank Liberto, ya soma sayar da nachos a filin wasa na Arlington a Texas, da wani cuku na masana'anta mai zuba kamar kunu wanda ba ya buƙatar mai girki. Daga nan abincin ya cika filayen wasa da gidajen sinima, kuɗin kuma ya bi wannan hanyar, ba ta Piedras Negras ba.

Garinsa dai bai manta ba: an kafa allon tagulla don tunawa da shi, kuma ana bikin nachos duk watan Oktoba. Ranar 15 ga Agusta 2019 kamfanin Google ya sa zanensa a shafinsa na farko.

Irin kariyar da iyalinsa suka makara wajen nema ba ta da nisa da masu tukubar Briqueterie. Hedikwatar OAPI, hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka 17, a Yaoundé take. A can aka yi wa barkonon Penja rajista a 2013, sannan a 2021 aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi.