Shardan, Mai Zanen Kayan Girki

A ƙasar Faransa, a ƙarni na 18, masu zane sun kasu daraja-daraja. Wanda ake gani da girma shi ne mai zana labaran tarihi da na addini. Mai zana fuskokin manyan mutane yana biye da shi. A can ƙasa kuwa aka ajiye mai zana abubuwa marasa motsi, wato tukwane da kwanuka da 'ya'yan itatuwa da makamantansu. Mutane suna ganin wannan aikin koyo ne kawai, kowa ma zai iya. Jean-Siméon Chardin, wanda ake furta sunansa Shardan, a wannan mataki na ƙasa ya yi yawancin rayuwarsa, kuma a nan ya yi suna.

An haife shi a birnin Faris ranar 2 ga Nuwamba, 1699. Mahaifinsa kafinta ne. Shardan ya koyi zane a hannun wasu gwanaye na birnin, amma bai sami zurfin ilimin da masu zanen tarihi ke buƙata ba. Bai taɓa zuwa Italiya ba, inda matasan masu zane na zamaninsa ke ɗokin zuwa don ƙarin sani. Kusan duk rayuwarsa a Faris ya yi ta.

Abokinsa Koshan, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ba da labarin yadda ya gano hanyarsa. Wata rana Shardan ya ajiye mataccen zomo a gabansa zai zana. Sai ya lura cewa idan ya tsaya bin gashin zomon ɗaya bayan ɗaya, zanen zai fito a sandare, ba laushi. Saboda haka ya yanke shawara biyu. Ta farko, zai kawar da tunaninsa daga duk zanen zomo da ya taɓa gani a wurin wasu. Ta biyu, zai matsar da zomon nesa, har ƙananan abubuwa su ɓace wa idonsa. Abin da ya rage masa ya gani shi ne siffar jikin gaba ɗaya, da launi, da inda haske ya sauka, da inda inuwa ta kwanta. Waɗannan ya zana, sai ga zomo ya fito kamar a kai hannu a shafa.

Wannan shawara tana da wuyar bi fiye da yadda ake zato. A ba ɗalibi ƙwai a ce ya zana, nan da nan zai ja da'ira ya bar cikinta fari fat, domin ya riga ya san ƙwai fari ne. Amma da zai zura masa ido sosai, zai ga gefen da ke fuskantar taga ne kaɗai ke da haske. Ɗaya gefen ya yi duhu, kuma a ƙarƙashinsa akwai ɗan launin teburin da aka ɗora shi a kai. Hannu yakan yi saurin zana abin da kai ya sani, ya bar abin da ido ke gani. Shardan ya ƙi yarda da wannan sauri. Ba ya zane da ka. Abin da yake zanawa yana gabansa tun daga fari har ya gama.

A 1728 ya nuna wani zane da ya ja hankalin manyan masu zane. Zanen wani kifin teku ne mai faɗi kamar faifai, an farke cikinsa an rataye shi a bango. A gefe guda ga kyanwa ta gantsare, a ɗaya gefen ga tulu da wuƙa da farin ƙyalle. Ba abin sha'awa ba ne a ido, amma ya zana jan naman kifin da ɗanyantakarsa yadda mai kallo ba ya iya kau da kai. A watan Satumba na wannan shekara aka karɓe shi a Cibiyar Masu Zane ta Sarki, yana da shekara 28.

Duk da haka, darajar aikin ba ta ƙaru ba, kuɗinsa ma kaɗan ne. Bayan 1730 sai ya juya ga zanen mutane a cikin gida: mace tana wanki, uwa tana shirya wa yara abinci, yaro yana hura kumfar sabulu. Waɗannan sun karɓu ƙwarai, har sarakunan wasu ƙasashe suka saya. Wani zai ce to, ai ya tsira daga zanen tukwane. Amma wajen 1748 ya sake komawa gare su.

Zane-zanensa na wannan lokaci sun fi na da sauƙi. Wani lokaci abu uku ko huɗu ne kawai a kan dakali: tambulan na ruwa, da butar gahawa, da tafarnuwa. Wani lokaci tukunyar tagulla ce da ƙwai da ƙaramin turmi da taɓarya. Yakan jera su da lura, dogo kusa da gajere, mai ƙyalli kusa da marar ƙyalli. Sau da yawa yakan bar ƙotar wuƙa ta ɗan zarce bakin tebur, don mai kallo ya ji cewa teburin yana da zurfi. Aikinsa a hankali yake yi ƙwarai. Zane-zanensa da aka sani ba su wuce kimanin 200 ba, a cikin shekara hamsin.

Girma ya zo masa daga baya. Ya zama ma'ajin Cibiyar a 1755, kuma a 1757 Sarki Luwis na 15 ya ba shi masauki a fadar Louvre. Amma ya sha baƙin ciki a gida. Matarsa ta fari ta rasu a 1735, shekara huɗu kacal bayan aurensu. Ɗansa, wanda ya bi layin zanen tarihi mai daraja, ya nitse a ruwa a birnin Fenis a 1772.

Da tsufa ya kama shi, idanunsa suka yi rauni, fentin mai ya gagare shi. Maimakon ya ajiye aiki, sai ya ɗauki alli mai launi, yana da shekara sama da saba'in. A 1771 ya zana kansa da shi, da tabarau a kan karan hanci da ɗankwali a ka, ba tare da ya ƙawata fuskarsa ba. Ya dubi kansa kamar yadda ya dubi zomon nan.

Ya rasu a Faris ranar 6 ga Disamba, 1779, yana da shekara 80. Fadar Louvre ta zama gidan adana kayan tarihi, kuma zanen kifin yana can har yau. Fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa, wani matashi mai suna Matis, wanda daga baya ya shahara a duniya, ya riƙa zama a gaban zanen yana kwaikwayonsa don ya koyi aiki.