Georg von Békésy

Georg von Békésy (3 ga Yuni, 1899 – 13 ga Yuni, 1972) masanin fiziks ne ɗan asalin ƙasar Hungary, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 1961 saboda bayanin da ya yi kan yadda kunne ke rarrabe siririn sauti da mai kauri.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Budapest. Mahaifinsa jami'in diflomasiyya ne. Ya karanci kimiyyar sinadarai a Bern ta ƙasar Suwizalan, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Budapest. Ya fara aiki a ɗakin binciken hukumar gidan waya ta Hungary, inda neman inganta sautin tarho ya kai shi ga nazarin kunne.

Bincikensa

A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, da wani tantani shimfiɗe a cikinsa. Békésy ya feɗe kunnuwan gawarwakin mutane da na dabbobi, har da na giwa. Ya gano cewa sauti yana tayar da motsi irin na igiyar ruwa a kan tantanin. Siririn sauti ya fi jijjiga bakin katantanwar, mai kauri kuma can ƙuryarta.

Sai dai jijjigar tana da faɗi, alhali mai sauraron kiɗa yana bambance sautuka biyu masu kusanci ƙwarai. Domin warware wannan, ya koma ga fata. Ya ƙera bututu mai ruwa da tantanin roba, mutum ya ɗora hannunsa a kai, daga gwiwar hannu zuwa wuyansa. Motsin yana bin tsawon bututun duka, amma fatar takan ji shi a ɗan ƙaramin wuri kawai, wurin kuma yana gusawa idan aka sauya kaifin sautin. Daga nan ya ɗauka cewa jijiyoyi ne ke danne saƙon da ke kewaye, su bar mafi ƙarfi. Binciken baya ya nuna cewa kunne mai rai yana ƙara ƙarfin jijjigar da kansa, abin da gawa ba za ta iya nunawa ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya bar Hungary a 1946 zuwa Suwidin, ya koma Jami'ar Harvard a Amurka a 1947, sannan Jami'ar Hawaii a 1966. Ya mutu a Honolulu, ya bar wa Gidauniyar Nobel kayan tarihin da ya tara.